Karayar Ƙugun Adda Mairo

Sunana Umaru. Aikin malamin dabbobi na yi, shekara shida ke nan da ritayata, ina zaune a gidanmu na gado a Majidaɗi, cikin Jalingo. Labarin jinyar yayata zan bayar, Adda Mairo, wadda ta karye a ƙugu bara da kaka. Fillanci muke yi a gida, amma na rubuta da Hausa don duk wanda ke garin nan ya iya karantawa, musamman mai tsohuwa a gida da ke shan maganin ciwon gwiwa ba a san abin da ke cikinsa ba.

Adda ta girme ni da shekara tara. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta kai ni makaranta da hannunta. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta ɗaya ne, Hamidu, yana aiki a Kaduna. Ni ma matata ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'yata tilo tana aure a Gombe. Haka muka sake haɗuwa a gida ɗaya, tsofaffi biyu, ita a ɗakin ciki, ni a na kusa da zaure. Ita ke girki, ni ke zuwa kasuwa. Ba mu cika hira ba, amma kowa yana jin motsin ɗan'uwansa, kuma hakan ya ishe mu.

Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne sana'arta, ta fi shekara talatin tana durƙuso tana matsa, har gwiwoyinta suka gaji. Wata mata ta gaya mata akwai wani kemis da ke yin haɗi, wato ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulla a leda, a sha sau ɗaya. Ranar da ta fara sha ta yi sallah a tsaye. Daga nan duk mako ni nake zuwa in karɓo mata. Shekara biyar ina wannan aike, ban taɓa tambayar sunan ƙwaya ko ɗaya ba. Fuskarta ta cika ta yi zagaye, mata suna cewa hutu ya karɓe ta. Fatar hannunta ta yi laushi, abu kaɗan ya taɓa ta sai wurin ya yi baƙi. Bayanta ya fara rusunawa, har na lura ta daina kai hannu kan kantar da take ajiye gishiri. Duk na ɗora wa tsufa.

Ranar wata Alhamis da hantsi ta juya za ta ɗauki tsintsiya a gindin randa, sai kawai ta zauna daɓas. Babu santsi, babu tuntuɓe. Ina zaure na ji ta kira sunana sau ɗaya, da wata murya da ban san ta da ita ba. Da na shigo na tarar ƙafarta ta hagu ta kwanta waje, kuma ta fi ta dama gajarta. Na ga irin haka a jikin shanu, na san abin da ke nan.

Niyyata asibiti, amma kafin in samo keke mai ƙafa uku labari ya kai unguwar Sintali, ɗan baffanmu Alhaji Sali ya iso. Shi ne babba a dangi yanzu. Ya ce asibiti yanka ta za su yi, tsohuwa irin wannan in ta shiga ɗakin tiyata ba ta fitowa, akwai maɗori a wani ƙauye bayan gari da ya ɗora mutanen da likitoci suka gaza. Adda tana jin kalmar yanka ta ce a kai ta wurin maɗori. Na yi shiru na bi. Wannan shirun shi ne kuskurena na biyu, bayan na kawo mata haɗi ba tambaya.

Kwana shida muka yi a can, a wata rumfa da ake kwantar da masu karaya. An ja ƙafar, an shafa mai, an ɗaure da tsagin gora tun daga cinya. Ba ta barci, ba ta cin komai sai kunu. Ba zan zagi maɗorin nan ba, domin a rana ta shida shi da kansa ya ja ni gefe ya ce karayar tana can cikin gaɓa, inda hannunsa ba ya kaiwa, kuma da ya taɓa ƙashin ya ji shi kamar busasshen kara. Ya ce in kai ta asibiti tun da sauran ƙarfinta. Allah ya saka masa da gaskiyar da ya faɗa.

A mako na biyu muka shiga babban asibiti. Wanda bai taɓa bin layin kati da mara lafiya kwance a bayan keke ba ba zai gane ba. Daga taga zuwa taga, a ce ka je ka biya, ka dawo a ce mai hatimi ya fita. Mun iso da sassafe, ba a ɗauki hoton ƙashi ba sai bayan la'asar, saboda an ɗauke wuta kuma ana jiran a tada inji. Duk tsawon lokacin nan Adda ba ta yi kuka ba, sai dai ta riƙe gefen rigata.

Likitan ƙashi mutum ne mai matsakaicin shekaru, Hausarsa irin ta garin nan. Ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo. Ya nuna mini inda wuyan ƙashin cinya ya rabu, sannan ya ce karayar ba ita ta fi damunsa ba, ƙashin gaba ɗaya ya yi shara-shara, har gaɓoɓi biyu na ƙashin bayanta sun lotsa tun tuni. Ya tambaya ko tana shan wani magani. Na ciro ledar haɗin daga aljihu. Ya baje ƙwayoyin a kan tebur, ya ware wata 'yar ƙarama fara da bakin biro, ya ce wannan deksa ce.

Na san deksa. Na yi wa shanu allurarta ba iyaka, kuma an koya mana cewa kwana kaɗan ake yi a tsaya. Na ce daga yau ta bar sha. Likita ya ce kul, wanda ya shekara biyar a kanta in aka tsayar masa rana ɗaya zai iya mutuwa, a hankali za a riƙa ragewa. Ya ƙara da cewa sukarinta ya hau, shi ma aikin ƙwayar ne, sai an saukar da shi kafin tiyata, kuma in nemo jini leda biyu.

Muna da zauren dangi a waya, mutum ya fi hamsin. Na rubuta ana neman jini. Addu'o'i suka yi ta shigowa, wasu da hoton furanni, ina godiya da su har yau. Amma wanda ya zo ya miƙa hannu aka ɗiba, Malam Bitrus ne, mijin maƙwabciyarmu Mama Talatu, sai wani tsohon abokin aikina da ya ji labari a masallaci. Ni an ce shekaruna sun wuce. Kuɗin ƙarfen da za a sa mata a ƙugu kuwa, Hamidu ya turo abin da ya samu, na sayar da bijimin da nake kiwo a wurin wani a ruga na cika.

Kwana tara muka jira tiyata. Ɗakin mata ne, ba a barin namiji ya zauna sai lokacin ziyara. Duk masu jinya mata ne, suna shimfiɗa tabarma a baranda, suna girki tare, suna wanki tare, suna ba juna labarin marasa lafiyarsu. Ni kaɗai ne namiji. Akwai wata bishiyar mangwaro daura da tagar gadonta, nan na mayar wurin zamana da butata da flas ɗin shayi. Wani lokaci yini guda ban yi magana da kowa ba sai mai sayar da ruwa. Idan ciwo ya tsananta Hausar Adda takan gudu, ta koma Fillanci zalla, nas ɗin da ke aiki kuwa ba kowace ke ji ba, sai a leƙo ta taga a ce da irin Hausar garin nan, "Baba, zo ka faɗa mana me yake cewa." In fassara ta taga, in koma gindin mangwaro.

Abin da ba zan iya yi mata ba, wanka da tsarki da canza zane, Mama Talatu ce ta ɗauka. Kullum da safe kafin ta tafi rumfarta ta doya sai ta hau keke ta zo. Ba wanda ya roƙe ta. Matan danginmu sun zo dubiya, gaskiya ne, ranar Juma'a suka cika baranda da kwanuka, suka yi awa guda suka tafi.

An yi tiyata a mako na uku, an cire kan ƙashin da ya karye an sa na ƙarfe. Ta farfaɗo lafiya. Alhaji Sali ya zo ya ce ikon Allah. Na ɗauka mun gama da mai wuya.

Kwana biyu da tiyata likita ya zo zagaye tare da malamar gashin ƙashi, wata mai suna Malama Rahila, da wani ƙarfe mai ƙafa huɗu da ake dafawa a koyi tafiya. Suka ce Adda ta tashi ta taka. Ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Mi yiɗaa," wato ba ta so. Aka lallashe ta, aka zaunar da ita a bakin gado, jiri ya ɗebe ta, ta yi ta salati har aka mai da ita. Ni kaina abin ya yi mini kama da rashin tausayi. Na bi likita har ofishinsa na ce a sanina karaya hutu take so, don me za a ta da ita ɗinki bai ko bushe ba.

Bai ji haushi ba. Ya karɓi katin da ke hannuna ya juya bayan katin, ya fara zane. Wannan bayanin shi ne ya zauna mini a kai, zan faɗe shi yadda na fahimta.

Ya ce ƙashi abu ne mai rai. A cikinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, kowace tana zaune a ɗan raminta, ƙashi ya kewaye ta ta ko'ina, ba ta fita, ba ta zuwa ko'ina. Amma kowace ta miƙa siraran hannuwa masu yawa ta cikin wasu 'yan hanyoyi har su taɓa hannuwan maƙwabtanta. A daidai inda hannu ya taɓa hannu akwai 'yan ƙofofi, rabin ƙofa na wannan, rabi na waccan, sai sun haɗu hanya take samuwa. Ta nan ƙananan saƙonni ke wucewa daga wannan zuwa waccan, har labari ya kai ga waɗanda ke aiki a fuskar ƙashi, masu gina sabo da masu rushe tsoho. Abin da aka yi ƙofofin da shi ya kira shi konekzin, na sa ya rubuta mini.

Na tambaye shi me ke buɗe su, me ke rufe su. Ya ce idan mutum ya taka ƙasa ƙashi yakan ɗan matsu, ruwan da ke cikin 'yan hanyoyin nan ya motsa, halittun su ji, ƙofofin su buɗe kuma su ƙaru, saƙo ya tafi cewa ana amfani da wurin nan, a gina. Idan mutum ya kwanta ya daɗe, ruwan ba ya motsi, saƙon ba ya tashi, masu rushewa su ci gaba da aikinsu babu mai tsai da su. Tsufa yana rage ƙofofin. Mace in ta daina al'ada, wani sinadarin jikinta da ke taimaka musu yana raguwa. Deksa kuma in aka daɗe ana sha tana rage su, har wasu halittun su mutu a ramukansu. Ya ce shi ba ya ganin wannan a hoto, a ɗakunan bincike aka gano shi, kuma har yanzu ba a gama saninsa ba.

Sai ya ajiye biro ya ce, "Baba, shekarunta ba zan iya ragewa ba. Maganin muna janye shi a hankali. Abu ɗaya ya rage a hannunmu, shi ne ta taka."

Da lokacin ziyara ya yi na fassara wa Adda duka, da zanen a hannuna. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wato sai na taka za su yi magana? To su yi shiru, ni ma na huta." Ta juya fuska bango.

Sau biyu kawai aka samu ta tsaya kafin a sallame mu a mako na huɗu. Aka ba mu maganin ƙarfafa ƙashi, aka ce ta riƙa shan nono da zama a hantsi, aka ce safe da yamma ta tashi da ƙarfen. Muka dawo Majidaɗi.

A gida masu dubiya suka dawo da shawarwari. Wannan ta ce romon ƙashin saniya, wancan ya ce kitsen damo a shafa, wata ta ce kada a bari ƙafar ta taɓa ƙasa sai an yi arba'in. Alhaji Sali ya ga ƙarfen jingine ya ce a fitar da shi, ba a yi wa tsohuwa horon soja. Hamidu ya kira a kan mahaifiyarsa ya ce, "Kawu, don Allah kada a matsa wa Dada, ku bar ta ta warke tukuna." Ita kuma duk lokacin da na kawo ƙarfen bakin gado sai idonta ya cika da hawaye. Wannan matar ce ta goye ni. Na mai da ƙarfen zaure. Mako biyu ba ta taka ba.

Bayan kwana goma ƙafar masu dubiya ta ɗauke. Gidan ya yi shiru. Na koyi dama kunu, na koyi tuƙa tuwo, ya yi gudaji ta ci haka nan. Rage deksa ya dawo mata da ciwon gwiwa, ya ƙara mata kasala, wata rana ta roƙe ni in je wurin mai kemis ko sau ɗaya. Na ƙi. Da rana in ta yi barci nakan zauna a tsakar gida, babu ƙarar turmi, babu ƙamshin gyaɗa, in ji yara suna wucewa daga makaranta, in ji an kira azahar, in ji an kira la'asar. Jam'i ma na daina zuwa, don ba wanda zan bar mata.

Mama Talatu ce ta fara ganin gyambon, a ƙasan bayanta, ranar da take mata wanka. Ta fito ta ce mini, "Malam, bayan Adda ya fara ruɓa, ka kai shi asibiti." Mako na shida ke nan, dama ranar komawarmu ta kusa. Da muka je, Malama Rahila ta auna cinyar da hannu, ta ga ta rame ta zama kamar damtse, ta saurari tarin da Adda ta fara, ta tambaye ni sau nawa take tashi. Na faɗi gaskiya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta fitar da ni waje ta ce yawancin tsofaffin da ta gani sun tafi bayan karayar ƙugu, ba karayar ce ta kashe su ba, kwanciyar ce, gyambo da ciwon ƙirji. Ta ce in aka ƙara mako biyu haka, kada in sa ran za ta sake tashi.

Washegari da safe na shigo da ƙarfen. Na ɗauki kujera na ajiye a bakin ƙofar ɗakinta, taku huɗu daga gado, na ɗora kunu a kan tebur kusa da kujerar. Na ce daga yau a nan za ta riƙa karya kumallo. Ta ɗauka wasa nake. Da ta ga kunun yana hucewa ban motsa ba, ta faɗa mini maganganun da ba zan rubuta ba. Mafi sauƙinsu, ta ce da ta san haka zan saka mata da ta bar ni na mutu da ƙyanda. Mama Talatu ta riƙe ta ta dama, na riƙe ta ta hagu, muka ta da ita tana kuka. Taku huɗun nan sun ci kusan rabin awa. Ta zauna, ta sha kunun mai sanyi, ba ta dube ni ba.

Daga ranar ta daina yi mini magana. Kwana goma sha ɗaya. In gaishe ta, shiru. In tana son ruwa sai ta jira Mama Talatu ta zo ta ce, a gaya wa mutumin can. Da yamma Mama Talatu tana kasuwa, ni kaɗai nake ta da ita, hannuna a ƙarƙashin hammatarta, kanta dab da kafaɗata, muna numfashi tare, ba mai cewa uffan. Ta sa aka kira mata Hamidu ta kai ƙarata. Ya kira ni ransa a ɓace, na ce ya zo ya karɓi jinyar in ya fi ni tausayi, ya ce ba a ba shi hutu ba. Alhaji Sali ya daina amsa sallamata da kyau. A duk tsawon jinyar nan, har da zaman gindin mangwaro, ban taɓa jin ni kaɗai ba ne kamar kwanakin nan. Wata rana bayan la'asar na fita na tsaya a bakin gadar Mayo Gwoi ina kallon masu wanki, don kawai in ji mutane suna magana da juna, minti goma na juyo da sauri kada ta nemi wani abu.

A rana ta goma sha biyu, bayan na zaunar da ita a kujera, ban fita ba. Na tsuguna a gabanta na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce ƙwayar da ta cinye mata ƙashi na san ta, na san illarta tun ina saurayi a wurin aiki, kuma ni na riƙa kawo mata ita da hannuna shekara biyar, ban buɗe leda na duba ba don ganin tana sallah a tsaye ya fi mini sauƙi. Na ce in ta mutu a kan gadon nan ni na kashe ta sau biyu, shi ya sa ba zan bar ta ta kwanta ba ko za ta tsine mini.

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Ni na aike ka." Can kuma ta ce, "Tashi, gwiwarka ba ta fi tawa ba. Tuwon jiya gishiri ya yi yawa a miya."

Ba wai daga nan abu ya zama mai sauƙi ba. Akwai ranakun da ta ƙi, akwai ranar da ta kusa faɗuwa muka zube tare a kan katifa. Amma a mako na tara ta tashi da ƙarfen ba tare da na taɓa ta ba. A na goma sha ɗaya gyambon ya rufe, tarin ya tafi. A na goma sha biyu aka ba ta rabin ƙwayar deksa ta ƙarshe. Fuskarta ta saɓe ta koma irin ta mahaifiyarmu. Na riƙa matsar da kujerar, daga bakin ƙofa zuwa gindin randa, daga nan zuwa inda hantsi ke sauka, har ta kai zaure a mako na goma sha huɗu, ta zauna tana amsa gaisuwar masu wucewa. Da muka koma asibiti likita ya sa ta yi tafiya a barandar ofishinsa, ya ce ƙashin ba zai koma na da ba, faɗuwa ɗaya za ta iya mai da mu farko, amma ta tsira daga gadon. Na ce masa useko, wato na gode da Fillanci.

Ga abin da nake roƙon mai karatu. In tsohuwarka ko tsohonka yana shan haɗi, ɗauki ledar ka kai wa wanda ya sani ya faɗa maka sunan kowace ƙwaya. In da deksa a ciki kada ka tsayar da kanka, ka je asibiti. In ka ga mutum yana raguwa a tsawo, bayansa yana lanƙwasa, kada ka ce tsufa ne kawai. Karayar ƙugu ba ta ɗori ba ce. Kuma in an ce a ta da mara lafiya, ka ta da shi, ko zai yi fushi da kai. Ina godiya ga likitan nan da Malama Rahila, da nas-nas ɗin da suka yi haƙuri da mu, da Malam Bitrus da abokina da suka ba da jininsu. Mama Talatu kuwa ba ni da bakin gode mata. Dangi ina gode musu da addu'a, amma ina so su sani mai jinya ma yana bukatar wanda zai zauna masa awa biyu ya je masallaci ya dawo.

A mako na goma sha tara Hamidu ya samu hutu ya zo da mota. Ya ga mahaifiyarsa tana tafiya da sanda, ya zauna a zaure ya yi kuka, ya ba ni haƙuri. Kwana biyu bayan haka ya ce zai tafi da ita Kaduna. Ya ce matarsa tana gida, akwai jikoki, bai dace a ce maƙwabciya ce ke yi wa uwarsa wanka yana raye ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Na sa ran Adda za ta ƙi, don ba ta taɓa son barin Jalingo ba. Sai ta ce za ta je. Da muka keɓe na tambaye ta dalili, ta ce ta ga yadda hannuna yake rawa in na ɗauko bokiti.

Ranar tafiya Hamidu ya so ya ɗauke ta ya sa a mota, ta ce ya matsa. Daga ɗakinta zuwa ƙofar gida ta yi da ƙafarta, tana hutawa a jikin bango, Mama Talatu na biye da ita da ƙunshin kaya. Na rubuta wa Hamidu yadda ake ba da magani da lokutan tafiya, na maimaita masa har ya fara murmushi. Da ta zauna a mota ta sa aka sauke gilashi, ta kira ni da hannu.

"Ka rufe gidan nan ka tafi Gombe wurin 'yarka," ta ce. "Kada ka zauna kai kaɗai."

Na ce to.

Wata biyar ke nan. Tana kira ranar Juma'a, tana tafiya har bakin titi yanzu, jikokin suna rigimar wanda zai riƙe mata sanda. Duk kira sai ta tambaya yaushe zan tafi, in ce sai an gama damina. Ban tafi ba. Ina share ɗakinta duk bayan kwana biyu, in buɗe taga iska ta shiga, in rufe kafin magariba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya wanda zai tambaye su ya jiki.